Kangon Dutse a Tsibirin Dakar

Shekarar da na raka Baba ziyara Kaulaha ban tafi da niyyar ganin teku ba, balle tsibiri. Ƙanina ne ya saba yi masa rakiya duk inda za shi, to a lokacin matarsa tana gab da haihuwa, sai Inna ta aika a kira ni. Na same ta a tsakar gidanmu na Gyadi-Gyadi tana tsintar shinkafa. Ta ce tunda makarantu suna hutu, ni zan bi shi. Na amsa da to, don ba shawarata ta nema ba.

Ni ne ɗan fari, saboda haka Baba bai taɓa kiran sunana ba. Ina yaro "kai" yake ce mini, da na fara koyarwa ya koma "Malam". Zamanmu wuri guda bai cika wuce gaisuwa da tambayar iyali ba. Ba wani saɓani ne tsakaninmu ba, haka aka taso. Abin da na sani game da shi bai fi abin da mutanen unguwa suka sani ba. Dā magini ne, ya yi suna lokacin da ake yanka filaye a Tarauni da Darmanawa, sannan ina firamare ya ajiye gini ya buɗe shagon ƙusa da fenti a bakin kasuwar Tarauni. A gida an ce mana ciwon baya ne ya hana shi hawa gini, mu kuma muka karɓa a haka.

Ziyarar ta tafi lafiya. Mun yi kwanakinmu a Kaulaha cikin cunkoso da zafi, na riƙe masa jaka, na nemo masa ruwan alwala, na tabbatar yana shan maganinsa. Da muka dawo Dakar za mu hau jirgi, aka ce an ɗaga tafiyar da kwana biyu. Wani abokin tafiyarmu ya haɗa mu da wani mai tsire ɗan Maraɗi da ya daɗe a birnin, ya ce ba za mu rasa tabarma a wurinsa ba. Mutumin dogo ne, mai fara'a, yana jin Faransanci da yaren mutanen gari. Ya ba mu ɗakinsa ya koma ɗakin maƙwabcinsa, kuma bai yarda mun sayi ko shayi ba.

Washegari da safe, kafin ya hura wuta, ya ce mu zo mu ga inda masunta ke sauke kifi. Wurin ba shi da nisa da gidan. Kwale-kwale ne jere a kan yashi, an yi musu fenti kala-kala, mata suna ta ciniki da manyan robobi. Ni warin kifin ne ya dame ni. Baba kuwa ya tsaya ya goya hannu a baya yana kallon ruwan. Can cikin teku akwai wani abu baƙi a kwance, kamar an kife ƙwarya mai tsayi, samansa da ɗan fari-fari. Na tambayi mai masaukinmu mene ne. Ya ce tsibiri ne, ba kowa a kansa sai tsuntsaye, amma ana kai masu yawon buɗe ido su wuni su dawo. Ya ce ya ji ana cewa dutse ne da ya yi aman wuta daga ƙarƙashin teku tun zamanin da ba mutane.

Labarin ƙasa nake koyarwa a wata sakandare a Tarauni. Duk shekara sai na zana dutse mai aman wuta a allo, in yi masa maƙogwaro da jan alli, in sa ɗalibai su kwafa. Ban taɓa taka ko ɗaya ba. Iyakar dutsen da na hau Dala ne da Gwauron Dutse, su kuwa ba wannan iri ba ne. Na ce wa mai masaukinmu ina son zuwa, in ya so Baba ya huta a gida. Baba bai juyo ba, ya ce shi ma za shi. Na kawo maganar gwiwarsa da maganar igiyar ruwa. Ya ce ya ji.

Mai tsiren ya bar wa abokin sana'arsa tukubar, ya ce shi ma duk daɗewarsa a garin bai taɓa zuwa ba, kuma ai muna bukatar tafinta. Muka je wani ɗan ofis a bakin ruwa aka rubuta mu, aka haɗa mu da wani ma'aikaci mai kakin soja-soja wanda zai zagaya da mu. Aka ba kowa rigar ruwa mai ruwan lemo. Baba ya ɗora tasa a kan babbar riga, ya naɗe hannuwan rigar ya cusa, ya cire hularsa ya sa a aljihu. Ban taɓa ganin kansa a buɗe a waje ba sai ranar. Furfurar ta fi yadda nake zato.

Kwale-kwalen mai inji ne, mu kusan goma a ciki, har da wasu Turawa biyu da wata mata da 'ya'yanta 'yan mata. Da muka bar gaɓa kaɗan sai ruwan ya fara ɗaga mu yana saki. Ni da na yi ta jan kunne a kan igiyar ruwa, ni ne cikina ya juya. Na sunkuyar da kai gefen jirgi na amayar da shayin safe. Baba ya miƙo mini ɗan ɓarin goro ba tare da ya dube ni ba. Shi yana zaune daram, hannu ɗaya a kan katakon gefe, leɓɓansa suna motsi. Tafiyar ba ta kai rabin awa ba, amma na ji tsawonta.

Ba a sauka a tsibirin ta ko'ina, don duk kewayensa bango ne na baƙin dutse da ruwa ke duka. Matuƙin ya kewaya ta baya, ya jira wata igiyar ruwa ta wuce, sannan ya kutsa ta wata 'yar kafa tsakanin duwatsu biyu. Ciki ruwan ya kwanta lumui kamar tafki, ana ganin ƙasansa. Muka tattare wanduna muka sauka cikin ruwa iya gwiwa. Duwatsun ƙasa suna da santsi, sai Baba ya dafa kafaɗata har muka fita. Da muka taka busasshen wuri ya saki, ya fiddo hularsa ya mayar.

Abin da na fara lura da shi shi ne baƙin. Ba baƙin gawayi ba ne, ya fi kama da bayan tsohuwar tukunyar ƙarfe. Farin da muka hango daga gari kashin tsuntsaye ne, ya lulluɓe kan duwatsun, su kuma tsuntsayen baƙaƙe masu dogon wuya suna jere sun baza fukafukai suna shan rana. A gefe guda dutsen ya tsattsage ya zama ginshiƙai a tsaye, kowane da kusurwoyinsa, manne da juna tun daga ruwa har sama. Na gane su nan take, don akwai hotonsu a littafin da nake koyarwa da shi. Na fara yi wa Baba da mai tsire bayani yadda narkakken dutse ke fitowa, ya huce a hankali, ya tsuke, ya tsage haka. Na ji muryata ta koma irin ta aji. Mai tsire yana ta gyaɗa kai. Baba ya matsa ya shafa ɗaya daga cikin ginshiƙan tun daga daidai kansa har ƙugu, ya rufe ido ɗaya ya dubi tsayuwarsa kamar yadda ake duba kusurwar gini. Ya ɗauki wani ƙaramin dutse ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne. Ya ce wannan dutsen ba ya shan ruwa, kuma mai sassaƙa shi zai ci wuya.

Ma'aikacin ya ja mu wata siririyar hanya zuwa sama. Baba yana hawa yana tsayawa, ni ina bayansa. Saman tsibirin fili ne mai busasshiyar ciyawa, iska tana kaɗawa ba ƙaƙƙautawa. Akwai kukoki, amma ba irin namu ba. Gajeru ne, sun kwanta suna rarrafe a ƙasa, rassansu sun miƙe gefe guda inda iska ta tura su. Wata ma ba ta fi ni tsawo ba, ga kauri kamar rumbu. Baba ya dubi ganyen ya ce kuka ce dai, sai dai ta sha wahala. Ya kai hannu zai tsinka, ma'aikacin ya yi magana, mai tsire ya fassara cewa ba a ɗaukar komai daga nan, ko tsakuwa. Baba ya janye hannunsa ya ce sun kyauta. Daga can ana hango Dakar gaba ɗaya, fararen benaye da hasumiyoyin masallatai, ba a jin ƙarar komai nata.

A tsakiyar filin muka iske kangon. Ɗaki ne na dutse ba rufi, bangonsa wani wuri ya kai ƙirji, wani wuri ya zube har ƙasa, duwatsun a warwatse cikin ciyawa. Ma'aikacin ya tsaya ya gyara murya, da gani nan ne wurin da ya fi son bayani. Mai tsire yana fassara mana. Wai wani mutum ne a zamanin dā ya ƙudura sai ya zauna a tsibirin, ya kawo magina ya fara gini. To tsibirin yana da mai shi, wani aljani da masuntan garin ke girmamawa, wanda ba ya son maƙwabci. Duk abin da aka gina yau, gobe a tarar ya rushe. Aka yi ta yi har mutumin ya gaji ya koma. Tun daga nan ba wanda ya sake gwadawa. Mai tsire ya ƙara da nasa, ya ce shi ya yarda, don ya ga abubuwa a garin nan. Ni na ce wataƙila iska ce da gishirin teku, ga kuma rashin ruwan sha.

Baba ya matsa kusa da bangon. Ya zagaya kangon sau ɗaya, ya durƙusa da ƙyar a wata kusurwa, ya sa farce ya ƙwaƙulo abin da ke tsakanin duwatsu biyu. Ya murje shi a tafin hannu, ya zama gari. Ya ɗan taɓa a harshe ya tofar. Sannan ya nuna mini yadda aka jera duwatsun, gaɓa a kan gaɓa, ba a sarƙe su ba, kusurwar ma ba a ɗaure ta ba. Ya ce zancen aljani shi bai sani ba, Allah ne masani, amma wannan bangon ko ba aljani zai faɗi. Yashin teku aka kwaɓa da shi ba a wanke ba, farar ƙasar kuma an yi mata rowa. Mai tsire ya fassara wa ma'aikacin. Mutumin ya yi dariya ya ce shekarunsa da yawa yana kawo mutane nan, ba wanda ya taɓa ɗanɗana ginin.

Baba ya ce, "Wanda ya yi aikin nan ya san ba zai tsaya ba. Tun yana ɗorawa ya sani."

Sauran suka wuce gaba kallon inda tsuntsaye ke sheƙa. Baba ya ce gwiwarsa ta isa, zai jira a nan. Ya zauna a kan wani dutse a 'yar inuwar bangon, sai kuma ya tashi ya koma nesa kaɗan, cikin rana. Na ba shi ruwa ya sha. Na yi niyyar bin su, don akwai ramukan da nake son gani, sai ya ce in zauna.

Ya yi maganar yana kallon teku, da murya irin wadda yake gaya wa mai saye farashin fenti. Ya ce ba ciwon baya ne ya raba shi da gini ba. Akwai wani babban ma'aikacin gwamnati da ya ba shi aikin katange fili a Darmanawa, lokacin wurin duk gonaki ne. Mutumin yana son katanga doguwa, amma simintin da ya kawo ba zai kai ba. Baba ya gaya masa, mutumin ya ce a yi maneji, buhu ɗaya ya yi aikin biyu, ginshiƙan ma a rage, ai katanga ce ba ɗaki ba. Baba ya ce ya san bai kamata ba. Amma mutumin ya yi masa alkawarin shi zai gina gidan gaba ɗaya, bene ne, kuma a lokacin duk maginin da ya yi bene sunansa ya fita. Sai ya yi.

Damina ce. Aka kwana biyu ana ruwa, rana ta uku gari ya washe suka koma aiki. Da azahar ya tafi masallaci, leburori suka zauna cin abinci. Ɗaya daga cikinsu, wani mutumin ƙauye daga wajen Sumaila wanda bai daɗe da shigowa birni ba, ya jingina da katangar yana cin rogo. Baba yana dawowa ya hango mutane suna gudu, katangar ta rufta. Da hannunsa ya ɗaga bulon da ke kan ƙirjin mutumin, bulon yana marmashewa a hannunsa. Kafin a samo mota ya cika.

Ya ce ba wanda ya tuhume shi. Mai filin ya yi wa dangin mamacin hidima, kowa ya ce ruwa ne, kwana ya ƙare. Har jaje aka riƙa yi masa shi ma, ana cewa Allah ya tsare shi da yana wurin. Mai filin ya aiko a ci gaba da aiki, Baba ya ce ba shi da lafiya. Ya kwanta sati biyu, da ya tashi ya sayar da kayan aikinsa. Inna ma ciwon bayan ta sani.

Na ce Allah ya jiƙan mutumin, ya ce amin. Na ce ai an daɗe. Ya ce shi bai ga daɗewar ba, domin ƙanin mamacin yana nan, shi ne dattijon nan mai gadin layinsu a kasuwa, wanda ke taya shi buɗe ƙofar shago in ta cije. Na san mutumin sarai, wani siriri mai gemu da ke zama a kan benci da rediyo. Baba ya ce kullum sai sun gaisa, shekara da shekaru, kuma kullum sai ya ce gobe zai gaya masa.

Ya ce, "A Kaulaha na roƙi Allah ya ba ni bakin faɗa. Ban zaci a nan zan fara ba. In mun koma, kai za ka zauna a wurin."

Na ce to.

Da sauran suka dawo, muka gangara bakin ruwa. Turawan da 'yan matan suka shiga tafkin suna wanka. Jirgin da zai ɗauke mu ya makara, har la'asar ta yi. Muka yi alwala da ragowar ruwan gora, mai tsire ya duba rana ya nuna gabas, Baba ya ja mu salla a kan wani shimfiɗaɗɗen dutse mai zafi. Goshina ya daɗe yana raɗaɗi. A hanyar komowa ruwan ya fi tashi, duk muka jiƙe, amma cikina bai juya ba. Da daddare mai tsire ya yi ta ba abokan sana'arsa labarin tsohon da ya ɗanɗani gidan aljani. Baba ya yi murmushi, ya ci tsirensa, bai ƙara tayar da wancan zancen ba har muka sauka Kano.

Na ɗauka zai bar maganar ta kwanta, don an yi sati uku 'yan sannu da zuwa suna ta shiga da fita, ana rabon tasbaha da turare. Wata Asabar da hantsi ya kira ni a waya, abin da bai saba ba, ya ce in same shi a shago. Na hau adaidaita sahu na sauka a bakin kasuwa. Na tarar ya janyo ƙofar shagon rabi, ya shimfiɗa tabarma tsakanin gwangwanayen fenti, mai gadin yana zaune ya ajiye rediyonsa a kashe. Da gani bai san dalilin kiran ba.

Baba ya faɗa masa duk abin da ya faɗa mini, bai rage ba, bai kuma ɗora wa mai filin fiye da nasa ba. Ya ce shi ne magini, shi ya san abin da katanga ke bukata, shi ya yarda. Mai gadin yana sauraro yana murza gemu. Baba ya gama, ana jin kekunan masu ɗinki a layin baya. Sannan tsohon ya ce ashe Alhaji ya manta shi ma yana wurin. Baba ya ce bai manta ba, ya san yana cikin leburorin.

Mai gadin ya ce, "Ni nake kwaɓin, Alhaji. Ni da shebur. Kwaɓin da ya kamata ya yi toka-toka, ja yake fitowa kamar yashin. Duk mun gani. Ni na ce wa yayana ya zo birni akwai aiki, ni kuma na ga ya jingina da ita ban ce ya tashi ba."

Ya ce shi tsawon shekarun nan yana ganin Alhaji bai san ya sani ba, shi kuma yana jin nauyin ya tayar masa da abin da ya wuce. Ya ce tasa yafiyar ba ta da wuya, ya yafe tun tuni, shi ma yana neman wanda zai yafe masa. Amma akwai mai haƙƙin da ta fi shi. Yayan nasa ya bar mata da ciki, aka haifi mace. Uwar ta rasu, 'yar tana aure a Hotoro, har ta aurar da tata 'yar. Baba ya ce bai taɓa sanin an bar ciki ba. Ya cire tabaransa ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

Ranar Juma'a bayan an sauko muka tafi mu uku. Gidan yana can cikin lungu, inda adaidaita ba ta shiga, sai muka ƙarasa a ƙafa muna tsallake kwata. Mijin direban tifa ne, ya karɓe mu a soro, ya shimfiɗa darduma, aka kawo ruwa da zoɓo. Matar ta fito da mayafi ta zauna daga bakin ƙofa ta ciki, ta gaida baffanta, ta gaida Baba. Na girme ta da 'yan shekaru, don ina firamare aka haife ta. Hannunta da sauran ƙullun awara, da alama daga kan aiki aka taso ta.

Baffan ne ya fara, sannan Baba ya karɓa. Wannan karon ya tsaya a tsakiya ya sha ruwa ya ci gaba. Matar ba ta ɗago kai ba. Da ya gama ta yi tambaya ɗaya, ta ce shin mahaifin nata ya yi magana kafin ya cika. Baba ya ce ya yi salati, ya kuma nemi ruwa, an ba shi. Ta ce uwarta ba ta taɓa sanin wannan ba, an dai kawo musu gawa ne a mota. Sannan ta ce ita ba ta san shi ba, ko hotonsa babu, don haka ba ta san girman abin da aka raba ta da shi ba. Uwarta ce ta sha wahalar, ita kuma ba ta nan balle a tambaye ta.

Ta ce, "Abin da yake nawa na yafe, Baba. Na Innata kuwa ba ni da ikonsa."

Baba ya ce haka ne, ta yi gaskiya. Mijin ya yi addu'a muka shafa. Da za mu tafi ta shiga ciki ta ƙullo awara a leda ta ba baffanta, ta ce a kai wa Hajiya, wato Innarmu. A hanya mai gadin ya ce lungun nan dā duk gonar dawa ce.

Inna ta ji labarin daga bakin Baba a ranar. Ban san yadda suka yi ba, na dai zo washegari na tarar idonta ya kumbura, tana ta faɗa da jikoki a kan abin da bai kai ba. Bayan kwana biyu Baba ya je wurin limamin unguwarmu ya tambayi hukuncin azumin wata biyu a jere da ake yi in an yi kisan kuskure. Liman ya ce a yadda ya fahimci lamarin malamai za su iya saɓawa, ga shi kuma da shekaru da magani. Baba ya ce ya ji, ya gode. Ya jira zafi ya sauka, ya je asibiti aka sauya masa lokutan shan maganin, ya fara. Ƙanina ya yi ta ƙorafi, yana cewa ni na san abin da ya faru a tafiyar nan da aka dawo mana da tsoho haka. Na ce ya tambaye shi da kansa.

Ya kai azumin har ƙarshe bai sha ko ɗaya ba. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, amma bai fasa zuwa shago ba. In na tashi daga makaranta nakan biya in same shi, in taya shi rufewa, mu taho gida tare kafin magariba. Ba wata hira muke ba. Wani lokaci yakan nuna mini gida a hanya ya ce shi ya gina wannan, ko ya ce wancan an ƙara masa bene a kan harsashin da ba na bene ba. Matar Hotoro ta zo gaida Inna sau ɗaya da ƙaramar salla, ta zo da jikarta a goye. Ta zauna kaɗan, ta ci abinci, ta ce tana sauri saboda miji zai dawo daga aiki. Ƙanina ya kai ta bakin titi ya sa ta a adaidaita.